Wasan Sitiyari: Kafin Mu Sake Cewa "Ai Haka Motar Take"



A ƙarshen daminar da ta wuce, wata tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504 ta tashi daga nan Adogi da sassafe ɗauke da sabuwar doya, ta nufi Lafiya. Mata uku masu kayan suna zaune a bisa lodin. Ba su yi nisa ba direban ya hango rami, ya murza sitiyari don ya kauce, motar ba ta amsa ba. Ya ƙara murzawa da ƙarfi, sai ta amsa gaba ɗaya lokaci guda, ta bar kwalta ta afka gonar mutane. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma ɗaya daga cikin matan ta karye a hannu, ta yi watanni ba ta iya daka ba balle zuwa kasuwa, doyar kuma rabinta ta farfashe.

Da muka je jaje, kowa na ta faɗin "Allah ya kiyaye gaba", sai wani dattijo a gefen tabarma ya ce a hankali: "Ai wannan motar tun bara sitiyarinta ke wasa, kowa ya sani." Babu wanda ya musa masa. Direban ya sani, yaron motar ya sani, bakaniken da ke duba ta ya sani, mu da muke shiga muna biyan kuɗi mun sha ganin yadda yake ta lilo da hannu a miƙaƙƙiyar hanya kamar mai tuƙa tuwo. Wannan "kowa ya sani" ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami yau.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: wasan sitiyari cuta ce mai magani, kuma maganinta bai kai tsadar da muke zato ba. Abin da ke halaka mu shi ne mun mayar da shi ɗabi'ar tsohuwar mota, kamar furfura a kan dattijo, har muna yaba wa direban da ya "saba da ita".

Tsufan motar ba shi ne laifin ba

Mu fara da kare waɗannan tsofaffin motoci, don akwai masu cewa a tattara su duka a kai wa 'yan gwangwan. Ba mu tare da su. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fara fitowa a Faransa a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa ta a ƙasar nan, aka ci gaba da ƙera ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Iyayenmu sun je aikin gwamnati a cikinta, an kai amare a cikinta, an kai masu naƙuda asibiti a cikinta tun kafin a ƙirƙiri jihar Nasarawa a 1996.

Har gobe, wanda ya tsaya a bakin hanyar Lafiya zuwa Shendam zai ga irinsu suna wucewa tsakanin Akurba, Adogi, Ashige da Assakio: Fijo akori-kura, doguwar Fijo ta fasinja, J5, tsofaffin Hilux. Su ke fito da doya, rogo, riɗi, agushi da shinkafa daga lungunan da sabuwar mota ba za ta yarda ta shiga ba. Ranar da suka tsaya, amfanin gonarmu zai ruɓe a gona. Kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, batun a ce direban ƙauye ya canza mota ya zama tatsuniya. Saboda haka da su za mu zauna. Tambayar ita ce a wane hali.

Ina wasan yake fitowa?

Yawancinmu muna ɗauka sitiyari shi ne wannan zoben da direba ke riƙewa. Alhali daga hannun direba zuwa taya akwai gaɓoɓi a jere kamar sarƙa, kuma kowace gaɓa tana iya saki.

A Fijo 504 da mafi yawan ƙananan motoci, sandar sitiyari tana gangarawa ta haɗu da wata mahaɗa, daga nan ta shiga abin da makanikai ke kira rak: wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a gaban mota, ƙaramin giya yana tura shi dama ko hagu. Daga bakinsa biyu tayarod ke fita, ɗaya zuwa kowace taya, kuma a ƙarshen kowane akwai kan tayarod mai ƙwallon ƙarfe a cikin kwasfa. Ita kanta tayar tana juyawa a kan boris, tana kuma rataye da boljoyin da bushin-bushin na roba.

Manyan motoci da tsofaffin Hilux da Land Cruiser da Mercedes da Volkswagen mai kama da kunkuru nasu daban ne. Suna da akwatin sitiyari, wanda ke juya wani hannun ƙarfe, shi kuma ya ja sandunan da ke haɗe da tayoyi. Gaɓoɓinsu sun fi yawa, don haka wuraren sakinsu ma sun fi yawa.

To, ga inda ƙurar hanyoyinmu da ruwan damina ke shigowa. Kowane kan tayarod da boljoyin yana da 'yar robar da ke riƙe giris a ciki, tana hana datti shiga. Haka rak yana da robarsa mai lanƙwashe-lanƙwashe a kowane gefe. Da zarar robar ta yage, giris ya fita, yashi da ruwa su shiga, ƙwallon ya riƙa cin kwasfarsa a hankali kamar ana wasa wuƙa a dutse. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙara da ramuka da lodin da ya wuce ƙima, sai abin ya ninka sauri. Sakin da bai kai kaurin farce ba a nan, wani a can, wani a boris, idan suka taru suka hau sama zuwa hannun direba, sai ka ga sitiyari yana tafiyar taƙi guda tayar ba ta motsa ba.

Nawa ne ya yi yawa?

Wani zai ce ai kowace mota tana da ɗan wasa. Gaskiya ne, amma abin yana da ma'auni. A Ingila, tun 1960 aka kafa dokar gwajin tsofaffin motoci, kuma abubuwa uku da aka fara dubawa su ne birki, fitilu da sitiyari. A ƙa'idar gwajin nasu, idan faɗin zoben sitiyari ya kai milimita 380, motar da ke da rak irin ta Fijo bai kamata wasanta ya wuce milimita 13 ba a bakin zoben, wato kusan faɗin ɗan yatsa ɗaya. Mai akwatin sitiyari kuwa iyakarta milimita 75, kusan faɗin yatsu huɗu. Abin da ya haura haka, motar ta faɗi gwaji, ba a ba ta takarda sai an gyara.

Yanzu kowa ya tuna motar da ya shiga a makon nan, ya tuna hannun direban.

Ga kuma lissafin da ya kamata ya hana mu barci. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan direba ya ɓata rabin daƙiƙa yana murza sitiyarin da bai kama komai ba, motar ta riga ta ci mita 11 a inda ta ga dama. A cikin mita 11 ɗin nan akwai ɗan makaranta da ke tsallaka titi, akwai mai babur da matarsa da goyo, akwai garken shanu. Kuma wannan shi ne mai sauƙin. Mai munin shi ne ranar da ƙwallon tayarod ya fice daga kwasfarsa gaba ɗaya. A ranar, taya ɗaya ta zama mai cin gashin kanta, ƙwarewar shekara talatin ba za ta dawo da ita ba.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne gano ciwon ba ya buƙatar kwamfuta ko zuwa Abuja. Mutum biyu, alli, da jak sun isa.

A tsayar da motar a wuri mai shimfiɗa, tayoyi a miƙe. Idan mai sitiyarin fawa ce, a bar injin a kunne. Mutum ɗaya ya riƙa motsa sitiyarin a hankali dama da hagu, ɗaya yana kallon tayar gaba. A sa alama da alli a inda tayar ta fara motsi ta wannan gefe, a sa wata a inda ta fara motsi ta ɗaya gefen. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ita ce wasan.

Daga nan sai a bi sarƙar gaɓa-gaɓa. Wanda ke ciki ya ci gaba da girgiza sitiyarin, na waje ya leƙa ƙarƙashi ya ɗora hannu a kan kowace mahaɗa. Duk inda ƙarfe ɗaya ya motsa na kusa da shi bai bi shi nan take ba, ko aka ji ƙas-ƙas, nan ɓarawon yake. A duba har kusoshin da suka ɗaure rak ko akwatin a jikin mota, don wani lokaci su ne suka kwance, ko ƙarfen da suke kai ya tsage.

Sai a ɗaga gaban motar da jak, a tokare ta da abu mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama tayar ta gefe da gefe a girgiza: idan ta yi motsi, a zargi tayarod ko rak. A kama ta sama da ƙasa a girgiza: idan ta yi motsi, a zargi boris ko boljoyin. A sa wani ya taka birki a sake girgizawa: idan motsin ya ɓace, boris ne. Tayar da ta cinye ta gefe ɗaya ta bar ɗayan, ita ma shaida ce.

Duk wannan bai kai rabin awa ba. Muna ɓata fiye da haka muna jiran mota ta cika a tasha.

Gyaran da ya fi ɓarna muni

A nan muna roƙon makanikanmu su yi mana haƙuri, don 'yan uwanmu ne, kuma mun san sau da yawa mai motar ne ke cewa "ka dai lallaɓa min ita". Amma akwai lallaɓawar da ta zama haƙa kabari.

Na farko, bubbuga kwasfar tayarod ko boljoyin da guduma don ta matse ƙwallon, ko cusa mata roba ko leda. Wasan zai ɓace na 'yan kwanaki, direba ya saki jiki ya ƙara wuta, alhali ƙarfen da ya riga ya cinye ya ƙara rauni. Gaɓar da ta saki canza ta ake yi.

Na biyu, yi wa tayarod walda, ko gasa shi a wuta a miƙar da shi idan ya lanƙwashe. Ƙarfen da ya sha wuta irin wannan ba ya komawa yadda yake, kuma ba ya yin sallama ranar da zai karye.

Na uku, sa ƙusa ko guntun waya a madadin filin da ke kulle noti, ko barin notin haka nan ba makulli.

Na huɗu, wanda ya fi yawa a motoci masu akwati: ɗaure sukurun da ke saman akwatin har ƙarshe. Wannan sukurun an yi shi ne don rage wasa, gaskiya ne, amma shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa bayan an tabbatar sauran gaɓoɓin lafiya suke. Ana yin sa tayoyi na kallon gaba, a sassauta notin makulli, a juya kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ana gwadawa. Dalili kuwa, akwatin ya fi cinyewa a tsakiya, inda mota ke yawan tafiya. Idan aka matse shi har wasan tsakiya ya ɓace ƙaf, to zai cije idan aka karya kwana, kuma sitiyarin ya daina dawowa da kansa. Motar da ta ƙi dawowa daga kwana ta fi mai wasa haɗari. Akwatin da aka ɗaure har sukurun ya ƙare bai daina wasa ba, ya gama aikinsa, sai gyaran ciki ko canji. Haka ma rak yana da abin da ke danna shi a jikin giyarsa, kuma shi ma matse shi fiye da ƙima cijewa yake jawowa.

Bayan an canza tayarod kuma, a kai motar a daidaita tayoyin gaba, abin da ake kira alaimen. Wanda ya tsallake wannan, kuɗin da ya yi tsimi sabuwar taya za ta cinye shi cikin 'yan watanni.

Abin da direbobi ke cewa, da amsarmu

Mun zauna da wasu daga cikin direbobinmu kafin mu rubuta wannan, kuma ba za mu ɓoye hujjarsu ba.

Sun ce kuɗi. Mai ya yi tsada, kayan gyara sun ninka, ga kuɗin tasha, ga na mai mota da yamma, ga iyali. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa kwana da lissafin cefane ba. Amma a ɗora a sikeli. Kan tayarod da robarsa suna cikin mafi arahar kayan da ke jikin mota. A ɗaya gefen akwai kuɗin asibiti, kuɗin jan mota, diyyar kayan mutane, watannin zaman banza, da abin da ba a iya biya. Direban da muka fara ba da labarinsa ya kashe ninkin-ba-ninkin abin da gyaran zai ci, kuma har yau bai gama biyan bashi ba.

Sun ce kayan kasuwa jabu ne, ka sa sabo yau bayan wata biyu ya saki, gara tsohon na asali. A nan ma suna da gaskiya rabi. Akwai jabu, kuma araha ba ta ado. Maganin shi ne a sayi kaya a wurin wanda aka sani, wanda za a iya komawa gare shi idan kayan ya ci amana, bakanike ya raka mai mota ya duba da hannunsa. Ko na Beljiyam za a saya, a gwada ƙwallon: idan yana lilo sakaka ko robarsa ta yage, a bar shi. Yawan jabu dalili ne na ƙara duba mota akai-akai.

Sun ce hanya ce ke kashe motoci. Haka ne, kuma ba za mu gaji da kira ga hukumomi su riƙa cike ramuka da gyara hanyoyin ƙauyukanmu ba. Sai dai muguwar hanya ita ce ta fi buƙatar sitiyari mai jin magana.

Sai hujjar da ta fi kowacce haɗari: "Na saba da ita, na san hannunta." Malam direba, ka saba da wasan jiya. Ƙarfen yana ƙara cinyewa kullum, kai kuma hannunka yana bin sa ba ka sani ba, kamar uban da ba ya ganin girman ɗansa don kullum suna tare. Kuma ranar da ka ba yaronka ko ƙaninka motar ya kai lodi, shi bai saba ba.

Game da masu cewa ƙaddara ce, mun yarda abin da Allah ya rubuta ba makawa. Amma babu ɗayanmu da ke barin ƙofar shagonsa a buɗe da dare don ya yarda da ƙaddara.

Abin da muke ba da shawara

Ba ma son wannan rubutu ya ƙare a "Allah ya kyauta". Ga abubuwa biyar da muke ganin suna hannunmu.

1. Shugabannin tasha da ƙungiyar direbobi su sa rana ɗaya a kowane wata ta gwajin alli. Motar da wasanta ya wuce ƙima ba za ta yi lodi ba sai ta gyara. Idan dokar ta hau kan kowa, har motar shugaba, ba wanda zai ce an tsane shi.

2. Direbobi su kafa adashen gyara, ɗan abu kaɗan a kowace rana, wanda ba a taɓa shi sai don birki, sitiyari da taya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a ƙungiyance a shirye muke mu taimaka da rubutu da riƙe lissafi idan an buƙata.

3. Makanikai su riƙa nuna wa mai mota gaɓar da ta lalace da idonsa, su ba shi tsohuwar bayan an canza. Wanda aka matsa masa ya yi gyaran guduma ya ce a'a. Idan duk garejin garin nan suka haɗa baki a kan haka, mai motar ba shi da inda zai kai ta.

4. Masu kaya, musamman iyayenmu mata 'yan kasuwa, a daina roƙon direba ya ƙara buhu ɗaya a kan lodin da ya riga ya danne mota, kuma a daina hawa saman kaya. Fasinjan da ya ga direba yana lilo da sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya ya yi magana cikin ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

5. Muna kira ga jami'an duba lafiyar motoci da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa tun 1988 saboda irin wannan, su riƙa zuwa tashoshin ƙauye suna koya wa direbobi wannan gwaji a aikace. Takardar shaidar lafiyar mota tana da daraja ne idan an ɗora hannu a kan tayar an girgiza. Kowa kuma ya adana lambar gaggawa ta hukumar, 122, a wayarsa.

'Yan uwanmu da ke Abuja, Kaduna, Legas da ƙasashen waje, da yawanku kun bar wa tsoho ko ƙane mota a gida. Idan za ku aiko da kuɗin mai a wannan watan, ku tambaya yaushe rabon da a duba ƙafar motar, ku ce a turo muku hoton alamun allin.

Matar da ta karye ta warke, ta koma kasuwa, kuma motar da take shiga yanzu ita ma tsohuwar Fijo ce, don babu wata. Mu tabbatar wannan karon an duba ta.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman direbobi da makanikai. Inda muka yi kuskure a gyara mana, kun fi mu sanin ƙarfe. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma tura wa direban da ya sani.

Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.

Daga Sakataren Ƙungiya
Adogi, Lafiya, Jihar Nasarawa